Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar Cizo

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a ranar da ɗana Abba ya ɗaga ƙafa ya taka da kansa, yana da shekara 2 da wata 4, har Hajiya, kakarsa, ta rangaɗa guɗa maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko aure aka ɗaura. Niyyata in wuce zuwa shigarsa makaranta, amma akwai wata shekara a tsakani wadda in na tsallake ta ban cika gaskiya ba. A gidanmu har yau shekarar cizo muke ce mata.

Haƙorin Abba bai fito da wuri ba. Yayarsa Ummi tana wata 6 ta fitar da biyu na ƙasa, shi kuwa har ya shekara bakinsa dasashi ne zalla. Sai da ya kai wata 16, kuma ba na gaba ne ya fara leƙowa ba, turmi ne can ciki. Hajiya ta sa yatsa ta taɓo shi, ta yi jim, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin yaron da ya fara da turmi ba. Ni hankalina bai tashi ba, don likitarsa ta riga ta gaya mini haka yara masu Dawun sindirom, lalurar da aka haife shi da ita, suke. Haƙori kan makara, ya zo ba bisa jeri ba, sau da yawa ƙanana, wani ma ba ya fitowa sam. Haƙoran nono 20 ɗin nan da sauran yara ke kammalawa wajen shekara 3, su sai su kai 4 ko 5 ba su gama ba.

Da tauna aka fara. Gefen zanina, bakin hijabina, tabarma, silifas, murfin buta, wayar caja. Wuyan rigarsa kullum a jiƙe yake sharkaf, sai in canza masa riga uku kafin la'asar. Kowane yaro yana kai abu baki, na sani, amma na Abba ya wuce lokacin da yara ke bari, kuma da ƙarfi yake yi, kamar mai neman wani abu a cikin abin. Wata rana na tarar da shi da tandun kwallin Hajiya, leɓɓansa baƙi ƙirin. Jikina ya yi sanyi, don tun abin da ya faru da yaran Zamfara a 2010 na san mene ne gubar dalma, kuma likita ta taɓa ja mini kunne cewa kwallin dutse yana iya ɗauke da ita. Ranar na bi gidan nan a durƙushe, ina duba duk abin da hannunsa zai iya kaiwa. Carbin babansa ya koma saman sif. Ƙananan batura masu kama da maɓalli, irin na agogo da kayan wasan yara, na tattara na kulle, domin in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙoshi.

Sai gurzar haƙori ta biyo baya. Wanda bai taɓa jin wannan ƙarar ba ba zai gane ba. Kamar ana murza dutsen niƙa babu hatsi a kai, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Yana wasa yana yi, yana goye a bayana yana yi, tsakar dare ma ita ke tashina. Har cikin ƙashina nake jin ta. Wata rana a Adaidaita Sahu, muna hanyar Kurna, matar da ke gefena ta juyo ta kalle shi, ta ja 'yarta ta matsa, ta soma karanta Falaƙi da Nasi a ƙasa-ƙasa. Ban ce mata komai ba, na dai ƙara rungume shi.

Masu magani kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Kowa ya ji sai ya ce tsutsar ciki ce. Sau biyu muna ba shi maganin tsutsa daga kemis, gurza tana nan daram. Wata ta ce iska ce, wata ta ce baki ne. Hajiya ta karɓo rubutu, ni kuma ina yi masa tofi safe da dare, kuma har gobe ban daina ba. Wata 'yar uwata ta kawo maganin haƙori na kwalba, ta ce ƙaiƙayin dasashi ne. Baban Ummi ya ɗauki kwalbar ya juya ta, ya ajiye.

"Maman Ummi, kin manta My Pikin?" in ji shi. "Yara sama da 80 suka mutu a ƙasar nan. Ba abin da zai shiga bakin yaron nan sai da takardar likita."

A 2008 aka yi wannan abin, na maganin haƙorin yara mai suna My Pikin da ya gurɓata, lokacin ko aure ba mu yi ba, amma bai taɓa fita daga ransa ba.

Da a tauna da gurza abin ya tsaya, da na jure. Cizo ne ya karya ni. Ya ciji Ummi a damtse har shatin haƙoransa ya kwana uku. Ya cije ni a kafaɗa ina goye da shi ina tuƙa tuwo, saura kaɗan in saki muciya a ƙafata. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba cikin fushi yake yi ba ko yaushe. Wani lokaci yana dariya, ya rungume ka, sai ka ji haƙori. Ummi tana da shekara 6 a lokacin, ta soma gudunsa, ita da a da ba ta iya cin abinci sai tana gefensa.

Ranar sunan gidan maƙwabta abin ya kai ƙarshe. Tsakar gida cike da mata, ana kiɗan ƙwarya, ga zafi, ga hayaniya. Na sauke shi ya zauna da yara don in gaisa da maijego. Ban yi minti biyar ba na ji ƙarar yaro. Abba ya kama hannun ɗan wata baƙuwa ya datsa masa haƙori, har jini ya tsattsafo. Uwar yaron tana da gaskiyar jin haushi, ko ni ce zan ji. Amma abin da ta faɗa a gaban mata ya fi cizon zafi.

"Ai dama irin waɗannan 'yan ruwa ne. Me ya sa ake shigo da su cikin mutane?"

Abba ba ɗan ruwa ba ne. Na yi bayani a kashi na 3, zan kuma maimaita duk inda aka faɗi wannan kalma. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai zaren gado guda 46, shi nasa 47 ne, don na 21 ya zo masa uku maimakon biyu. Tun 1866 wani likita a Ingila ya bayyana lalurar, sunansa ma aka sa mata. Ba aljani ya musanya mini shi ba, ni na haife shi, hancin babansa ne a fuskarsa. Amma a ranar ko kalma ɗaya ban iya furtawa ba. Na sungume shi na fito, mayafina yana jan ƙasa.

Abin da na yi da muka shiga ɗaki shi ne dalilin da ya sa na so tsallake wannan kashin. An daɗe ana ce mini, "Ki rama, ki cije shi ya ji yadda ake ji," ko "Ki ɗalle bakin, sau ɗaya zai bari." Na ɗaga hannu na buge masa baki. Bai yi kuka nan take ba. Ya kalle ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya kai bayan hannunsa baki ya ciji kansa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka gaya mini sakamakon gwajinsa. Na nemi gafarar Allah, kuma har yau in na tuna wannan kallon sai in rasa sukuni.

Hajiya ce ta shigo ta ɗauke shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Bayan isha'i ta kira ni ɗakinta, yana kwance a cinyarta.

"Ke 'yar nan, zauna. Maigidan nan nawa, kin lura kafin ya soma niƙan nan kunnensa yake murzawa? Na hagu. Kwana biyu ina kallonsa."

Wallahi ban lura ba. Bakinsa kawai nake kallo.

Washegari muka je wurin likitarsa, ta tura mu ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro. Sai da aka sha fama kafin a ga ciki, don ramin kunnen yara irinsa matsattse ne, ga dauɗar kunne ta toshe. Da aka share, likitan ya ce kunnen hagu ya kumbura, kuma duka biyun akwai ruwa kwance a bayan dodon kunne. Ya ce wannan abu ne da ya yawaita a wurinsu, kuma yaron da ke da shi yana jin magana ne kamar wanda aka tura wa auduga a kunne. Na ce masa, "Likita, ai ko zazzaɓi bai yi ba, bai kuma yi kukan ciwo ba." Ya ce in cire wannan daga raina. Yaran nan suna jin ciwo kamar kowa, sai dai sukan makara wajen nuna shi, kuma da wuya su nuna maka daidai inda yake. Muƙamuƙi maƙwabcin kunne ne, mai ciwon kunne yakan cije ko ya gurza don ya samu sauƙi.

A hanyar gida ina ta lissafin watannin da na yi ina ce masa "bari", shi kuwa ko jin nawa ba ya yi sosai.

An ba shi magani, aka sa mana ranar gwajin ji. Cikin mako biyu cizon ya ragu, amma bai tafi ba. Sauran aikin a wurin wata ma'aikaciya mai koya wa yara magana muka yi shi, baiwar Allah mai haƙuri. Ita ta fahimtar da ni cewa sanyin jikin nan, wato rashin ƙarfin tsoka, da ya jinkirta zamansa da tafiyarsa, yana nan a leɓe da harshe da muƙamuƙi. Muƙamuƙin da ba shi da ƙarfi neman abin jingina yake, shi ya sa yake datsewa, yake gurzawa, yake son abu mai tauri. Ta ce hana shi tauna kamar hana mai jin ƙishi ruwa ne, sai dai a zaɓa masa abin da zai tauna. Ta nuna mini wata roba da aka yi musamman don haka, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu a lokacin. Muka koma ga tsumma mai tsabta da nake ƙullewa in tsoma a ruwan randa, da asuwaki mai kauri da yake taunawa ina zaune a gabansa. Hajiya ta so rake, kuma ya so shi ƙwarai, amma saboda zaƙin da tsoron kada ya haɗiye tuƙa, muka mayar da shi na wani lokaci, a kan idona. Gyaɗa da aya kuwa ta ce kada su kusance shi tukuna, shaƙewa ba ta da wuya ga yaron da bai iya sarrafa harshensa ba.

Ta kuma sa na sayi littafi ɗan 40, in riƙa rubuta duk cizo: yaushe, a ina, me ya faru kafin nan. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Kafin wata ya ƙare, da na karanta abin da na rubuta da hannuna, sai na ga kusan duka a wuri uku suke faruwa. Ko yana jin yunwa, ko an ƙwace masa abu, ko hayaniya ta yi masa yawa, irin ta gidan sunan nan. Yaron da yake fahimtar abubuwa da yawa amma kalmominsa ba su wuce "Mama" da "ruwa" ba, me zai yi in an karɓe masa ƙwallo? Sai ta koya mana alamu da hannu. Yatsu a baki, abinci. Haɗa yatsun hannu biyu, ƙari. Tura tafin hannu gaba, bari. Baban Ummi ya ji tsoron kada ya saba da hannu ya ƙi magana, ta tabbatar masa alamar ba ta hana magana, taimaka mata take yi, muddin muna faɗin kalmar muna yin alamar tare. In kuma ya yi cizo, ba duka, ba ihu. In ce "a'a, cizo da zafi" sau ɗaya, in juya ga wanda aka ciza in rarrashe shi, sannan in miƙa masa tsummansa. Faɗinsa da sauƙi. Ranar da ya sake cizon Ummi sai da na cije nawa leɓen kafin na iya yin hakan.

Ummi ce ta fi kowa ƙwarewa a alamun. Wata la'asar ina yanka kuɓewa, ta zo ta ɗauke masa kofin da yake wasa da shi. Na ga ya buɗe baki ya nufi hannunta, na yunƙura zan tashi. Sai ya tsaya, ya ɗaga ɗan tafinsa ya tura gabanta. Ta yi tsalle tana cewa, "Mama, ya ce in bari! Abba ya ce in bari!" Ta mayar masa da kofin da hannu biyu.

Gurzar haƙori dai ba ta bar mu ba. Ta rana ta ragu, sai in ya gaji ko ya rasa abin yi. Likitan haƙori ya duba ya ce saman turamen ya soma sulɓi amma bai kai ga jijiya ba, kuma robar da manya ke sawa a baki da dare ba ta ƙaramin yaro ba ce. Ya fi damuwa da dasashi, don ciwon dasashi yana saurin kama su. Ya ce a goge masa safe da dare da man goge baki kaɗan, mu dawo bayan wata 6. Har mun miƙe ya sake tambayata, "Da dare, in yana gurzar, yana minshari?"

Na ce yana yi, kamar babban mutum, har mukan yi masa dariya. Wani lokaci ma a zaune yake barci, ya kifa kansa a kan gwiwoyinsa. Likitan ya ajiye biro, ya ce in koma in zauna. Ya tambaye ni ko na taɓa jin minsharin ya yanke ɗif, sannan ya dawo da jan numfashi mai ƙarfi.

Na taɓa ji. Kusan kowane dare.

Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.