Yadda na fara rubuta tarihin gidanmu

Gidanmu a cikin birnin Kano yake, kusa da Jakara. A zaman makokin kawunmu ne wani ya tambayi sunan mahaifiyar kakanmu, maza sun cika zaure amma aka rasa mai amsa. Abin ya tsaya min a rai. Bayan sadakar arba'in na sayi littafi mai kauri, na nufi ɗakin Gwaggo, don ita kaɗai ta rage a cikin manya.

In ka ce wa tsohuwa ta ba ka tarihinta, amsar ɗaya ce: "Wane tarihi gare ni, ɗan nan?" Sai na koma tambayarta a kan kayan ɗakinta. Akwai wata tsohuwar tasa a ƙarƙashin gadonta, duk ta lotse, a ciki take ajiye goro. Na ce, "Gwaggo, wannan fa daga ina?" Shi ke nan, baki ya buɗe. Ta faɗi wanda ya sayo ta a Kurmi, da sule nawa, da yadda aka yi jeren ɗakinta, har waƙar da 'yan mata suka rera daren kai amarya. Wayata na gefe tana naɗa, da izininta, da daddare nake kwafewa. Yadda ta faɗa nake rubutawa, ban taɓa gyara mata Hausa ba.

Shekaru ne suka fi ba ni aiki, domin tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirge ba. Za ta ce an haifi wane "shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo", wance kuma an yaye ta "ana canjin hannu", wato lokacin da motoci suka koma bin hannun dama. Sai na ware shafin ƙarshe na jera abubuwan da duk Bakano ke tunawa: rasuwar Sarki Alhaji 1953, zuwan Sarauniya 1956, naɗin Sarki Ado 1963, canjin hannu 1972, sauya fam da naira 1973, kisan Murtala 1976, rikicin Maitatsine 1980. Da wannan shafi na gano shekarun haihuwar kusan duk iyayenmu.

Ga kuma alkunya. Gwaggo ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗan farinta, sai dai "Malam" da "yaron nan". Ban matsa mata ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a matsa wa kowace uwa ba. Wajen ƙanwar mijinta na je na cike gurbin. A can ma na samu sunayen dangin uwa, waɗanda su ne suka fi saurin ɓacewa, tunda salsalarmu ta uba muke bi.

Wani lokaci mutum biyu su ba ka labari ɗaya ta fuska biyu, musamman na rabon gado. Nakan rubuta duka, kowanne da sunan mai faɗa. Abin da aka ce "wannan tsakaninmu ne" kuwa ba ya shiga littafi.

Tsofaffin hotuna na rubuta sunaye a bayansu da fensir. Wasiƙun ajami da muka tarar a adakar kakanmu, wani malami a unguwa ya karanta min su, na mayar boko. Yanzu duk Juma'a ina tura shafi ɗaya a zauren WhatsApp na dangi, kuma gyara na zuwa har daga 'yan uwanmu na Sabon Garin Zariya.