Mun dawo gida da yaron, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillah, an sallame mu daga asibiti bayan an ciro wa ɗana batir ɗin da ya haɗiye. Yaron yana shan nono, yana haɗiye abu mai ruwa-ruwa ba tare da ya ƙware ba, jiya ma har ya dafa kujera ya miƙe, ya ɗan yi tatata ya zauna daɓas yana dariya. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da waɗanda saƙonsu ke nan ban buɗe ba har yanzu, ku yi mini haƙuri. Wayar a hannun babansu ta yi ta zama, in na karɓa ma idona ba ya iya tsayawa a kan rubutu. Ba zan sake ɗauko labarin daga tushe ba. Kun bi shi tun daren da ƙanwata ta rubuto nan tana neman addu'a, ni kuma bakina ya gaji da maimaitawa. Godiya na zo yi, kuma zan ware wasu in ambace su ko da na san za su ji nauyi. Su yafe mini.

Da 'yar yayana zan fara, yarinya 'yar shekara 8.

Duk wanda ya taɓa yin hutun ƙarshen shekara da ɗan shekara ɗaya a gida mai cike da baƙi ya san yadda abin yake. An rufe makaranta, yara sun cika falo, manya na hira, ana shiga ana fita, ƙofa ba ta rufuwa. Shi kuma yaron daga wannan hannu sai wancan hannu. Barcinsa na rana ya rikice tun ranar da baƙin farko suka sauka, ga ƙiwa, ga rigima da magariba. An kawo masa kayan wasa kala-kala, amma kwalin da aka zubo su ya fi burge shi. Kuma yana daidai shekarun da yatsa biyu suka iya tsintar abin da idon babba bai gani a ƙasa ba, duk abin da ya tsinta kuwa baki ya nufa. A irin wannan gida kowa yana ganin yaron, kowa kuma ya ɗauka wani ne ke kula da shi.

Da ya fara dalalar da miyau yana ƙin nono, manyan da ke falon duk bakinsu ya zo ɗaya: haƙori ne. Ba su yi ƙarya ba a iya saninsu, don kuwa yana fitar da haƙori. Ina tsaye ina jijjiga shi a kafaɗa sai na ji ana jan gefen rigata. Na waiga, ita ce. Fuskarta ta yi wani iri, leɓenta na rawa. Ta ce, “Goggo, zo ki ji.” Na ce mata ta bari ya yi shiru tukuna. Ba ta saki rigar ba. Ta ja ni har bayan ƙofa inda ba mai ganinmu, sannan ta buɗe tafin hannunta. 'Yar fitilar wasan nan ce mai walƙiya da aka kawo wa yara, da murfinta a gefe, ramin batir ɗin babu komai. Ta damƙe su har sun yi mata shati a hannu. Ta ce murfin ya fita ne da ta faɗi, ta nemi batir ɗin ta rasa, sai ta ga yana tauna wani abu. Sannan ta ce, “Don Allah Goggo kada ki faɗa wa Baba.”

Na yi ta juya wannan a raina a daren asibiti. Yarinyar nan ta san abin da take tsoro. Tana iya tura fitilar ƙarƙashin kujera ta koma cikin 'yan uwanta, babu wanda zai taɓa sani, mu kuma mu kwana muna shafa wa yaro dasashi muna jiran haƙori. Likitan da ya ciro batir ɗin ya gaya mana baki da baki cewa yawancin yaran da abin ya fi yi wa illa su ne waɗanda ba wanda ya ga lokacin da suka haɗiye, domin alamunsa, miyau da tari da amai da ƙin abinci, sun yi kama da na mura ko haƙori, sai a yi kwanaki ana maganin wani abu dabam. Mu ba mu yi kwanaki ba, ko awa ɗaya ba mu yi ba, saboda yarinya ta zaɓi a yi mata faɗa da ta yi shiru.

An gaya mini ta ƙi cin abinci washegari, tana tambayar mahaifiyarta ko ita ta kashe shi. To ina roƙon kowa a dangi, babba da yaro, kada in ji wani ya tsokane ta da wannan magana ko da wasa. Wanda ya kawo fitilar ma ba shi da laifi, kyauta ya kawo don ya faranta wa yara. Yaya, na karya alkawarin da ta nema a wurina, na faɗa maka, yanzu ma ga shi na faɗa wa duniya. Ka rungume 'yarka. Ke kuma 'yata, in mamanki ta karanta miki wannan, ki sani Goggo ba ta fushi da ke ko kaɗan. Allah ya yi miki albarka, ya raya ki a kan wannan gaskiyar, ya ba ki masu tsaya miki a ranar da kike tsoro.

Sai ƙawata likita, wadda na kira ina ihu ta kasa gane me nake cewa sai da babansu ya karɓi wayar. Tana can wani gari tana hutu da iyalinta, amma ba ta kashe waya ba har muka isa. Ita ta hana a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya amayo, alhali har an fara ba da wannan shawarar. Tambayarta ta farko ita ce watansa nawa. Da aka ce 13, sai ta ce a nemo zuma, a ba shi ƙaramin cokali biyu, wato mililita 10, duk bayan minti 10, kada a wuce sau 6, kuma a cikin mota za a riƙa ba shi, kada a tsaya don zuma. Ta ce zumar tana lulluɓe batir ɗin ne ta rage saurin ƙunar kafin a kai ga likita, ba ta fitar da shi, kuma ana yin haka ne in bai wuce awa 12 da haɗiyewa ba. Da bai cika wata 12 ba da ba ta yarda ba, domin zuma tana da haɗari ga jariri ɗan ƙasa da shekara. Wata ɗaya tak ya raba shi da wannan layin. Matar maƙwabcinmu ce ta miƙo kwalbar zumarta ta kan katanga, mijinta kuma ya fito da mota ko takalmin kirki bai tsaya sawa ba, don an tare motar babansu da motocin baƙi. Ƙanwata na baya da cokali a hannu ɗaya da agogon waya a ɗayan. Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan.

Abin da ya faru a asibiti kun ji. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne lokacin da aka ɗaga hoton ƙirjinsa. Na ga wani farin da'ira a saman ƙirji, a raina na ce ai ɗan ƙarami ne. Likitan ya sa bakin biro ya nuna mana zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya ce wannan ne ke bambanta batir da tsabar kuɗi a hoto. Daga nan na ga tafiyar ma'aikatan ta canza, masu taku a hankali suka fara sauri, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Da aka zo karɓarsa a ƙofar ɗakin tiyata ya ƙanƙame wuyan rigata, sai da nas ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka a lokacin ba. Na tsaya ne kawai ina kallon ƙofar, ban san ma ina karanto addu'a da ƙarfi ba sai da surukata ta kama hannuna ta ɗora daga inda na tsaya.

Daga baya likitan ya zauna ya yi mana bayani, kuma zan rubuta shi nan don na san gidajenku ma cike suke da yara a wannan hutun. Batir ɗin irin na lithium ne mai faɗin milimita 20, wanda ake rubuta CR2032 a jikinsa, mai ƙarfin volt 3. Faɗin nan ne ke sa ya maƙale a hanyar abincin ƙaramin yaro maimakon ya wuce ciki. In ya maƙale, miyau sai ya haɗa masa wuta, wutar ta samar da wani sinadari irin sodar da ake yin sabulu da ita, shi ke cin naman wurin. Mummunar ƙuna tana iya samuwa cikin awa 2. Ko batir ɗin da ya yi sanyi har ya daina kunna rimot yana da sauran ƙarfin da zai yi wannan ɓarnar. Da siririn bututu mai kyamara suka bi ta baki suka ciro shi bayan an sa yaron barci, ba a yanka shi ba. An nuna mana batir ɗin a 'yar kwalba, gefensa har ya yi baƙi. Ana samunsa a rimot, da makullin mota, da sikelin awo, da katin gaisuwa mai waƙa, da fitilun ado, da takalman yara masu walƙiya. Duk wanda murfinsa ke buɗuwa da farce, ba sai an sa sukundireba ba, babansu ya tattara shi ya kulle tun kafin mu dawo.

Likitocin da nas-nas ɗin da suka yi aikin hutu alhali iyalansu na gida suna jiransu, ban riƙe sunayenku ba, Allah ya sani. Akwai nas ɗin dare guda ɗaya da ba zan manta ba. Lokacin da aka hana shi komai ta baki sai ƙarin ruwa, yana jin ƙanshina yana kuka yana tura kai cikin rigata, ni ma nono ya cika yana mini zogi. Ta zo ta karɓe shi ta ce in fita in tatse in huta, ta yi ta zagaya ɗakin da shi da sandar ƙarin ruwan a hannu har ya yi barci. Ba aikinta ba ne. Da matar gadon da ke kusa da namu, wadda nata ɗan ya fi nawa jin jiki amma ita ke tashina in na gyangyaɗa: 'yar uwa, har yanzu kuna can, ban daina yi wa ɗanki addu'a ba, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya sa shi a tasa.

Surukata, Mama, kin kwana a kan benci da ciwon gwiwarki kin ƙi tafiya gida. Ƙanin babansu da ya yi ta zirga-zirgar karɓo magani da sakamakon gwaji. Matar yayana da ta riƙe gida da yaran kowa, ta sallami baƙi, ta wanke abin da aka bari. Abokan aikin babansu da suka karɓe masa aiki ba tare da ya roƙa ba. Waɗanda suka turo taimako suka ce kada a faɗa, na yi shiru kamar yadda kuka ce.

Akwai kuma waɗanda muke gida ɗaya da su a daren, gari na wayewa suka haɗa jaka suka wuce wajen wani taron. Na ga hotunan, sun yi kyau. Ban ce dole kowa ya zo asibiti ba, hutu ne, kowa da shirinsa, amma kira ɗaya ba ya cin hutun mutum. Wadda kuma saƙonta na farko ya kasance “ina uwarsa take lokacin?”, na karanta, ina nan, yana kafaɗata. Shi ke nan, ya wuce a wurina.

Ya Allah, kai ka ga daren nan, kai ka san abin da kowa ya yi a ɓoye da sarari. Ka saka wa duk wanda ya taka, da wanda ya kira, da wanda ya tashi cikin dare ya ɗaga hannu saboda yaron da bai taɓa gani ba. Ka tsare musu 'ya'yansu daga abin da ido bai gani ba. Kada ka nuna wa wata uwa ƙofar nan da na tsaya a gabanta. Waɗanda ke kwance ka tashi kafaɗunsu, waɗanda suka rasa nasu ka sanyaya musu zuciya, masu nema ka ba su masu albarka. Ka sa albarka a hannun likitocin nan da iyalansu. Amin ya Rabbi.

Ba mu gama ba tukuna, don haka kada ku sauke addu'a. An ce ƙunar tana iya ci gaba da aiki bayan an cire batir, kuma wurin yana iya tsukewa in yana warkewa, saboda haka makonni masu zuwa za mu riƙa komawa ana duba shi. An ce in mun ga jini a amai, ko baƙin kashi, ko zazzaɓi, ko tari a lokacin haɗiya, mu taho ko ƙarfe nawa ne. Masu son zuwa dubiya, mun gode, amma ku ɗan ba mu lokaci, yanzu ko baƙuwar fuska ya gani sai ya fashe da kuka, balle mai fararen kaya. In za ku zo ku kira babansu tukuna, kuma don Allah kada a kawo masa abin wasa mai batir. Akwai bargo biyu da filas da cajar waya da aka bar mana a asibiti ban san masu su ba, suna wurin ƙanwata, mai su ya yi mata magana.