Daga Ankara zuwa Palandoken: hutun zamiya a kan ƙanƙara da kuɗin ɗalibai

Tun watan Oktoba muka fara tara kuɗin. Mu ɗalibai ne a Ankara, wasu daga Kano da Katsina, wasu daga Damagaram da Maraɗi, da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ɗora ƙafa a kan allon zamiya. Duk lokacin da kuɗin tallafin karatu ya shigo, kowa sai ya cire wani abu ya miƙa wa ma'ajiyarmu, wata 'yar'uwa mai karatun akanta wadda ba ta wasa da littafinta. Tun ranar farko ta kafa ƙa'ida. Abin da ya shafi kowa, wato tikiti da masauki da hayar kaya da ladan mai koyarwa, daga asusu zai fito. Abin da ran mutum ya so don kansa, aljihunsa ne zai ji. Wanda kuma ya janye bayan an kama masauki, kasonsa ya zauna. Wasu sun ga tsaurin abin da farko, amma ni na tabbata wannan ƙa'ida ce ta sa muka je muka dawo ba wanda ya ɗaure wa ɗan'uwansa fuska saboda kuɗi.

An yi muhawara kan wurin zuwa. Dutsen Uludag na kusa da birnin Bursa ya fi suna, sai dai can ne masu kuɗin Istanbul suke tururuwa, kuma farashin otal-otal ɗin kan dutsen nasu ne. Muka zaɓi Erzurum, a can gabashin Turkiyya, saboda dalili ɗaya da ya rinjayi sauran: dutsen Palandoken a bakin gari yake. Daga tsakiyar birni zuwa gindin wurin zamiya tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Ke nan mutum zai kwana a cikin gari, ya ci abinci a farashin 'yan gari, da safe ya hau dutse. Birnin kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, dutsen kuma ya haura mita 3,000, don haka dusar ƙanƙara ba ta yankewa daga Disamba har wajen Maris ko Afrilu. Akwai Jami'ar Ataturk a garin tun 1957, shi ya sa gidajen abinci masu rahusa suka yawaita. A nan ne kuma aka yi gasar wasannin hunturu ta jami'o'in duniya a 2011, kayan aikin da aka kafa domin gasar suna nan ana morar su.

Jirgin ƙasan da ke zuwa can sunansa Dogu Ekspresi. Yana tashi daga Ankara da yamma, ya bi ta Kayseri da Sivas da Erzincan da Erzurum har Kars, tafiyar kimanin kilomita 1,300 da ke cin yini da kwana. Jirgi biyu ne a wannan layi lokacin hunturu, kuma dole mutum ya lura. Akwai na 'yan yawon buɗe ido da aka ƙaddamar a 2019, mai ɗakunan kwana na mutum biyu-biyu, mai tsayawa na sa'o'i a wasu garuruwa don a zaga. Kuɗinsa ya ninka na ɗayan nesa ba kusa ba. Akwai kuma na yau da kullum, wanda mutanen yankin suke hawa, mai taragon kujeru da taragon ɗakuna masu gado huɗu-huɗu. Shi muka hau.

A nan ne yawanmu ya yi mana rana. Mu 12 ne, maza 8 mata 4, sai ya zama ɗaki uku cif: biyu na maza, ɗaya na mata, babu baƙo a cikinmu, kowa ya sake. Duk mai shirya irin wannan tafiya ya yi ƙoƙari adadin mutanensa ya rabu huɗu-huɗu. Wahalar ita ce samun tikitin gadon, domin jirgin ya yi farin jini wajen matasan Turkiyya, ana buɗe sayarwa a intanet gadaje suke ƙarewa. Mun raba aikin: mutum uku suka zauna da wayoyinsu, kowa da sunaye da lambobin takardar zama na mutum huɗu a rubuce a gabansa, ana buɗewa kowa ya kama ɗaki guda. Matasa suna da rangwame, a duba shi kafin a biya.

Akwai taragon cin abinci, amma mun tafi da namu. 'Yan'uwanmu mata da wani ɗan Maraɗi da ya iya girki suka yi dafa-duka da soyayyar kaza, muka ƙara da burodi da zaitun da dafaffen ƙwai da filas na shayi. Ana ba da zanin gado da matashin kai, ɗakin kuma da ɗumi sosai, har sai da muka tuɓe rigunan sanyi. Mun wuce Kayseri cikin dare, yawancinmu na barci.

Wanda ya yi barcin safe a wannan jirgi ya yi asara. Gari na wayewa bayan Sivas, wajen Divrigi, layin ya shiga cikin duwatsu, daga nan ya kama gaɓar Karasu, ɗaya daga cikin manyan rassa biyu da suke haɗuwa su zama kogin Furat. Jirgi ya shiga rami a cikin dutse, duhu ya rufe, ya fito a kan gada, ruwa kore shar a ƙasa, duwatsu fari fat a sama, ya sake shiga wani ramin. Haka aka yi ta yi har kusa da Erzincan. Wannan layi sai a 1939 ya isa Erzurum, kuma idan ka ga irin duwatsun da aka fasa za ka gane dalilin daɗewar. Babban yayanmu a tafiyar, wanda ke digiri na uku a fannin addini, ya daɗe tsaye a bakin taga, sannan ya juyo ya ce, "Yara, wannan fa shi ne Furat ɗin da kuke ji a karatu." Ban taɓa zaton zan ga mafarin kogin nan da idona a hanyar zuwa wasa ba. Shi ne kuma ya tsara mana sallah: kasaru muka yi ta yi, muka duba alƙibla a waya. Kafin mu baro Ankara ya sa kowa ya sayi huffi na fata, wanda ake samu a shagunan kusa da masallatai, a sa shi bayan cikakkiyar alwala, daga baya sai shafa. A kan dutse, inda ruwa ke yanka fata, mun yi ta sa masa albarka.

Mun sauka Erzurum da la'asar. Kada a ƙulla wani shiri mai tsauri da lokacin isowa, hanya ce doguwa a cikin hunturu. Masauki mun kama ƙananan gidajen haya masu kicin a cikin gari, muka riƙa dafa abincin safe da na dare da kanmu. Akwai kuma masaukin malaman makaranta da ake samu a kusan kowane birnin Turkiyya, wanda yakan karɓi baƙi idan da gurbi, shi ma yana da sauƙi.

Kayan zamiya haya ake yi, ba a saya: alluna biyu, takalma masu tauri, sanduna, hular kwano, tabarau. Har wando da jaket masu hana ruwa shiga ana bayarwa haya. Shagunan cikin gari da na kan hanyar hawa sun fi na kan dutse sauƙi, kuma mai shago da ya ga mutum 12 a ƙofarsa lokaci guda, ciniki ya zo da sauƙi. Ma'ajiyarmu ta zauna da shi, aka kawo shayi, ba ta tashi ba sai da ya rage. Abin da za ka saya da kuɗinka shi ne safar hannu mai hana ruwa, da safar ƙafa mai kauri, da rigar ciki mai riƙe ɗumi wadda ba ta auduga ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta huce a jikinka. Sanyin Erzurum da dare yana kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci ya wuce. Takalmin kuma a gwada shi da kyau a shago, ya kama ƙafa ba tare da ya matse yatsu ba.

Inda muka ƙi yin tsimi shi ne wajen mai koyarwa, kuma a kan wannan nake so mai karatu ya tsaya. An samu masu cewa a bar shi, ai akwai bidiyo a YouTube, kuɗin ya tafi wajen ƙarin hawa na'urar da ke kai masu zamiya saman dutse. Ma'ajiya ta ƙi, Yaya ya goya mata baya. Muka rabu gida biyu, kowane rukuni da malaminsa, kuɗin sa'a idan aka raba shi shida sai ya zama abin da kowa zai iya. Abin da malamin ya fara koya mana shi ne faɗuwa: ka faɗi ta gefe, kada ka tokare da tafin hannu, kada ka zauna a kan bayan alluna domin za su gudu da kai. Sai tashi, ka jera allunan a gicciye da gangaren kafin ka miƙe. Sai tsayawa, ka haɗa kawunan alluna ka buɗe bayansu, ka danna gefen ciki a cikin ƙanƙara. Sai juyawa, ka ɗora nauyinka a ƙafar dama ka tafi hagu, ka ɗora a hagu ka tafi dama. Jiki yana so ya koma baya saboda tsoro, shi kuwa malamin yana ta kira a turo ƙauri gaba ya jingina da takalmi. Wannan gyara na nan take, mutum yana kallonka yana cewa ga abin da ƙafarka ta hagu take yi, babu bidiyon da zai ba ka shi. Mun ga waɗanda suka zo ba malami, abokai suka ja su sama tun ranar farko, suna gangarowa ba birki, suna faɗa wa mutane. Ɗaya a kan idonmu jandarmomin ceto suka sauko da shi a ɗaure. Gwiwa ɗaya idan ta goce, duk abin da aka yi tsiminsa ya tafi, har da zangon karatu.

Hanyoyin zamiya launi ne da su: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. A farko mai koyo ba ya buƙatar katin hawa na'urar na yini guda, domin a ɗan gangaren ƙasa zai yini; a nan ma mun rage kashe kuɗi, sai da ƙafa ta zauna muka sayi katin. Ranar da na fara saukowa shuɗiyar hanya daga sama har ƙasa, ina juyawa inda na yi niyya, dusar tana tashi a bushe kamar garin gero, na ji wani farin ciki da rabona da irinsa tun ina yaro. Wani ƙaninmu ɗan Katsina ƙafarsa ta kama da wuri, ya zo ya ce, "Yaya, gobe ja zan hau." Yaya ya ce, "Je ka tambayi malaminka. In ya ce ka kai, Allah ya kiyaye. In ya ce da saura, da saura." Malamin ya ce da saura, yaron ya haƙura.

Rana a kan ƙanƙara tana ƙona fata, baƙar fata ma ba ta tsira ba, tana kuma cutar da ido, don haka tabarau da man leɓe dole ne. Tsayin wurin yana sa haki da ciwon kai a farko, a yawaita shan ruwa ko ba a jin ƙishi.

Biyu daga cikinmu sun gwada suka ga abin bai kwanta musu ba, ba wanda ya matsa musu, kuma garin bai bar su zaman banza ba. Akwai madarasa mai hasumiya biyu ta ƙarni na 13, da madarasar Yakutiye ta 1310, da babban masallaci mai shekara fiye da 800. A tsohuwar kasuwar Tashan ana sayar da carbi na baƙin dutsen Oltu, kowa ya saya wa iyayensa. Dare ɗaya asusu ya ɗauki nauyin cag kebab, naman rago da ake gasawa a kwance a gefen wutar itace ana yanko shi a tsinke. Mutanen garin kuma sun koya mana shan shayi irin nasu, ka gutsuri sukari mai tauri ka riƙe a baki kana kurɓa.

Game da lokaci, a guji makonni biyu na hutun makarantun Turkiyya a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, a kuma fifita ranakun aiki a kan Asabar da Lahadi. Masauki ya fi sauƙi, layin hawa ya fi gajarta. A sayi tikitin dawowa da zarar an buɗe shi, kada a bari sai an isa.

A jirgin dawowa ma'ajiya ta buɗe littafi ta karanta lissafi a gaban kowa, abin da ya shigo da abin da ya fita. An samu ɗan saura. Ta tambaya ko a raba, aka ce a bar shi a asusu, domin gaba da Erzurum a kan wannan layi akwai Sarikamish, inda ake zamiya a tsakanin itatuwan daji, kuma tuni ɗan Katsina ya fara tambayar farashin masauki a can.