Tambayar da ta zo da amsarta a goye

Tun kafin in cika takardar tambayoyi ko ɗaya na riga na san abin da zan rubuta a babi na biyar na kundin binciken da nake yi a makaranta: matan ƙauyenmu masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba su da jari, a ba su rance. Kusan duk kundin da na leƙa a laburare da haka yake ƙarewa, sai na ɗauka dole ne.

Garinmu yana kusa da Gumel, kuma yawancin matan suna kulle, don haka ƙanwata ce ta riƙa shiga gidaje tana karanta musu tambayoyin, ni ina zaure ina jira. Mata 30 muka samu. Tambaya ta huɗu ita ce, "Kina buƙatar ƙarin jari?" Kowa ta ce e. Na zana jadawali mai launi, na rubuta kashi 100 cikin 100, ina ta jin daɗi.

Ranar kare kundi na yi bayanina tsaf, har da rigar aro. Wata malama dattijuwa da ba ta ce uffan ba tun farko ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, in na tare ka a hanya na ce kana son ƙarin kuɗi, me za ka ce?" Aka kwashe da dariya. Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙara: "A wane wata ka yi tambayoyin?"

Fabrairun 2023 ne. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane na kwana a layin banki. Mai ƙulin naira 50 ba ta karɓar taransifa. Ni kuma na rubuta cewa ciniki ya faɗi saboda ƙarancin jari, ko sau ɗaya ban ambaci canjin kuɗi ba. Aka ce in je in gyara.

Na koma gida na zauna a tsakar gidan Gwaggo, ba biro ba takarda. Ta soya gyaɗa, ta murje, aka kai inji, aka dawo da ita a roba. Tana juya ƙullin da muciya tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har mai ya fara tasowa yana ƙyalli a gefen turmi. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a toya a cikin man. Na ce, "Gwaggo, ina ribar take?" Ta ce, "Shi mai, uwar kuɗi yake mayarwa, ɗan nan. Ƙuli ne nawa." Ba ta lissafa karan da take hura wuta da shi, tunda na gona ne, balle wahalar yarinyar da ke talla.

Da na kawo zancen rance sai ta yamutsa fuska. Tana da adashenta, kuma kuɗin ruwa ba ta so ko a mafarki. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya biyu ne: kuɗin niƙa da ya tashi tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, da maƙwabtan da ke karɓar kwalbar mai su ce sai Alhamis in maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari, Alhamis ɗin kuma ta zo ta wuce. Babu ɗaya daga ciki a takardar tambayoyina.

Sabon babi na biyar bai kai rabin tsohon ba. Na faɗi cewa mata 30 ne, ƙauye ɗaya, wata ɗaya, kuma watan ba irin sauran watanni ba ne. Kalmar rance na cire ta gaba ɗaya. Da zan koma makaranta Gwaggo ta ƙulle mini ƙuli a leda ta ce in kai wa malamar.