Waɗanda suka koya mana jinya a bakin gado

Ta hanyar digiri na shiga aikin jinya a nan Jos, wato shekara biyar a jami'a sannan shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, yayin da waɗanda suka bi ta makarantar koyon jinya suke yin shekara uku. Dukkanmu dai jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya muke rubutawa kafin a ba mu lasisi, kuma dole ne ɗalibi ya zaga ɗakunan asibiti, daga na tiyata zuwa na yara da na haihuwa da na masu taɓin hankali, ana sa masa hannu a littafinsa kan kowane aiki da ya gwada.

Da farko ƙananan ayyuka ake ba mu: gyaran gado, awon zafin jiki da na hawan jini, da juya majinyacin da ba ya iya motsi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. A ɗakin yara na haɗu da wata babbar sista da ta haura shekara ashirin tana aiki, kuma a hannunta na koyi abin da malaman aji suka faɗa amma bai zauna mini ba. Ita ta nuna mini yadda ake laluben jijiya da ɗan yatsa a hannun yaron da gudawa ta tsotse, da yadda ake ƙirga ɗigon ƙarin ruwa da agogon hannu inda babu na'ura. A aikin dare, cikin sanyin hunturun Jos, takan tsaya a bakin gado ta ce da ni, "'Yata, dubi haƙarƙarinsa, numfashin nan ya sauya." Sai na duba in ga gaskiya ne, alhali takardar da ke rataye a gadon ba ta nuna komai ba tukuna. Ba ta taɓa barina in ba da magani ba sai na karanta mata sunan majinyaci da sunan maganin da adadinsa da lokacinsa da baki.

Sai daga baya na gane yadda lissafin albashi yake tafiya. A tsarin CONHESS, wanda a kansa ake biyan ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, mai digiri yana farawa a matakin da ya fi na mai takardar shekara uku, kuma wanda bai koma ya yi digiri ba akwai matakin da ba ya wucewa komai daɗewarsa. Ma'ana, ni da Sista ta koya wa sa kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya, ina iya zama shugabarta nan gaba. Koyarwar da take yi mana kuwa ƙari ce a kan aikinta, ba na ganin ko kwabo yana shiga aljihunta dominta. Ba na raina digiri, domin na san wahalar da na sha a kansa, amma adalci shi ne a lissafa shekarun aiki da muhimmanci wajen ƙarin girma, a ba irinta hutun karatu da albashi, a kuma ware alawus ga duk wadda aka ɗora wa ɗalibai.

Kuɗin ma da ake rigimar mataki a kansa bai taka kara ya karya ba. Alawus ɗin haɗari ya daɗe a naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021, sannan cire tallafin man fetur a 2023 ya cinye ƙarin. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumarmu ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 15,000 sun bar ƙasar a 2023 kaɗai, kuma a watan ne ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas kan ƙa'idar da ta ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita waje. A ƙarshen Yulin 2025 kuma suka shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunsu har da aiwatar da tsarin matakan aiki da ƙarin girma da aka amince da shi tun 2016.

A ɗakin da nake horo, waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya su ne na tsakiya, masu ƙarfi a jika da ƙwarewa a hannu, waɗanda ya kamata su gaji manya. Yanzu da nake shekarar horon aiki, ɗalibai sukan zo wurina da littafinsu, ni kuma idan jijiya ta ɓuya sai in tura su wurin Sista, domin hannuna bai nuna ba tukuna. Wata rana Sista za ta yi ritaya, kuma tsakaninta da mu sababbi babu kowa a jadawalin ɗakin.