Sankarar jini a jikin yaro: abin da ke jiran iyaye a gida

Sankarar jini daga ɓargo take farawa. Ƙwayoyin da ba su nuna ba ne ke cika shi, su hana shi yin jini mai kyau. Sai yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi tafiya, ya riƙa kukan ƙafa har ya daina takawa, ga haɓo, ga kaluluwa. A wajenmu akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sikila, a yi ta zaryar kemis. Don Allah kada a ba irin wannan yaro maganin nan deksa (dexamethasone) kafin gwaji: yana ɓoye cutar na ɗan lokaci, likita ya duba ɓargo ya kasa ganinta.

Nau'in da ya fi kama yara shi ne wanda likitoci ke kira ALL, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma yana warkewa. Sai dai maganin kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Makonni 4 zuwa 6 na farko su ne masu zafi: allurai ta jijiya, wata ta ƙashin baya don kare ƙwaƙwalwa, da ƙarin jini. Fuska za ta kumbura, yaro ya tashi da tsakar dare yana neman tuwo, ya yi ta rigima. Aikin magani ne, zai wuce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zazzaɓi. Magani na karya garkuwar jiki, ƙwayar cutar da wani yaro zai shanye tana iya kashe wannan cikin sa'o'i. Ma'aunin zafi ya zauna a ɗaka, a auna a hammata, ba ta dubura ba. Da ya kai digiri 38, a nufi asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne, domin ana so a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya. Kada a fara ba shi farasitamol a ce bari a gani zuwa safe. Asfirin kuwa yana ƙara zubar jini. Masu zuwa dubiya su wanke hannu, mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya shigo.

Daga baya gashi zai dawo, yaro ya koma wasa, sai dangi su fara cewa ai ya warke. A nan ake asarar yara da yawa. Ƙwayar magani mai suna 6-MP da ake sha kullum da wata ƙwayar ta mako-mako su ke ƙarasa ragowar cutar da ido ba ya gani, kuma idan ta dawo ta fi wuyar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara na warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma yanke magani na cikin dalilai. In kuɗin mota ko na magani ya gagara, a faɗa wa likita tun kafin ranar ta wuce.