Talata, ranar ƙidayar awa

Yau ma famfo bai kawo ruwa ba, Damagaram kenan, ina tsaye ƙofar gida ina jiran mai garuwa sai ga maƙwabciyata 'yar Damasak, wadda suka tsallako Komadugu zuwa Diffa a 2014, daga baya suka taho nan suka kama hayar ɗaki guda. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce Yaya zo ki ga ɗiyarki.

Yarinyar na kwance ta juya fuska ga bango. Aikatau take a wani gida, ranar lahadi da dare mai gidan ya yi mata fyaɗe, ta dawo ta yi wanka ta wanke zanen ba ta gaya wa kowa ba sai jiya da dare. Uwar kuma wai mu rufa asiri, su baƙi ne, wa zai saurare su?

Ni dai awa nake ƙidayawa da yatsu. Maganin kariya daga sida sai cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma iyakarsa kwana 5, na sida gobe da dare shikenan an makara. Na ce ƙanwata maganar ƴan sanda ku yi shawara daga baya, amma likita yanzu za mu.

Kabu-kabu biyu muka hau. Mai gadin wurin ya ɗaga murya gaban layi wai me ya kawo ku, wallahi sai da na ji kamar in mare shi, yarinyar har ta juya za ta koma. Allah ya saka wa sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, da alheri, ta ja mu ɗaki ta rufe ƙofa, ta tambayi yarinyar ko tana son uwarta ta zauna ko ta fita. Ta ce Inna ta fita. Aka duba ta aka ba ta ƙwayoyin kwana 28, aka rubuta takarda ko da wata rana za ta so kai ƙara.

A hanya uwar ke ce min da a sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage suke ta san ƙofar da za ta buga, nan cikin gari kuwa ita ba ta ma san katinta na HCR, hukumar ƴan gudun hijira, na da wani amfani ba, yana ƙasan akwati cikin leda.

Na sa ƙararrawa a wayata ƙarfe 8 na dare saboda maganin. Ɗazu na leƙa, ta sha, amma tuwon na nan yadda na kai shi.